Tsohuwar Ragar da Ke Cin Ganyen Rogo

Talata, 25 ga Maris, ƙarfe biyar na yamma

Yau ba a shiga teku, don haka duk wani mai baki yana gari, kuma duk sun hallara a fadar Nana, sarkin gari. Takarda ce ta zo daga ofishin kula da namun daji. Ni na karanta, tunda ni ne na kai aji huɗu a sakandare kuma ina da tabarau. Wai barewar da 'Yan Ja suka kama bara, waccan ramammiya mai kama da akuyar da ta yi jinya, ƙila ita ce ta ƙarshe a Kurmin Obir. Don haka za a rufe kurmin shekara biyar, ba kamu ranar biki. Saura kwana talatin da tara.

Na kai ƙarshen takardar, na naɗe ta. To, in an cire kamu me ya rage? Tun kakannin kakanni, Asabar ta farko a watan Mayu 'Yan Ja su shiga kurmi ta gabas, mu 'Yan Kore mu shiga ta yamma, ba bindiga ba wuƙa, hannu da sanda kawai. Wanda ya fara kawo barewa da ranta, Nana ya taka ta sau uku, shekarar tasu ce. In babu wannan sai kiɗa da buguwa, su kuwa kowace Asabar ana yi.

Nana ya ce lallai runduna biyu su je ofis da baki ɗaya. Nan take aka kafa Haɗaɗɗiyar Ƙungiyar Masu Kamun Barewa. Shugaba biyu, don ba wanda zai zauna a bayan wani: tsoho Arhin namu, da Safohen Tandoh, jagoran rundunar 'Yan Ja, yayan matata. Sakatare ɗaya, ni, Kobina Essilfie, mai sayar da kayan injin kwale-kwale. An zaɓe ni ne don ni ɗan Kore ne mai auren 'yar Ja. Kowane ɓangare na ganin rabina nasa ne, ba wanda ya yarda da ɗaya rabin.

Daɗin kujera ya ɗebe ni. Na miƙe na ce barewa a Obir sun fi awakin kasuwa yawa, kunya ce kawai gare su, kuma in aka hana kamu bana a tuɓe mini koren zane a bainar jama'a. An yi tafi. Tandoh ya tafa sau biyu yana kallona kamar mai duba kifin jiya.

Shekara shida ke nan 'Yan Kore ba mu ci ba. Na rubuta ne kawai don a sani.

Laraba, 26 ga Maris, da safe

A ɗakin baya babu komai sai tsohuwar raga.

Juma'a, 28 ga Maris, bayan abincin rana

Tsohuwar ragar kamun kifin ta cinye ganyen rogo kwando guda, ta kuma tauna hannun rigata ta coci da matata Araba ta shanya.

Araba ta ce laifin nawa ne, wa ya ce in sa a yi shanya kusa da Efuwa. Na ce mata sau nawa zan faɗa, ba a raɗa wa raga suna. Ta ce ranar Juma'a na shigo da ita gidan nan cikin buhu a watan Disamba, duk macen da ta zo duniya ran Juma'a kuwa Efuwa ce, ba ita ta ƙirƙiro ba. Tana gutsura mata dokono, tuwon masara mai tsami da ake naɗewa a ganye, da hannunta, har tana hura mata in da zafi. Ni shekara ashirin da shida ba a taɓa hura mini ba.

Tafiyar da na yi can hayin tafki a Disamba ta kasuwanci ce. Na sayi abu a hannun wani mutum mai haƙorin azurfa, abin da zai yi amfani a watan Mayu in an ajiye shi a inda ya dace da asuba, ta yamma da rafi. Araba ta rantse ba za ta gaya wa yayanta ba. Ta ce amma in san cewa mace rundunar ubanta take bi har kabari, aure bai canza launin zane. Na ce na sani. Kullum sai ta tuna mini.

Talata, 1 ga Afrilu, ƙarfe shida na yamma

Takardar koke ta ci mana safiya guda, ba rubutun ba, sa hannun. Arhin ya ce sunan Kore ne a sama. Tandoh ya ce sai dai a yi ba shi. Na ce a yi takarda biyu, kowa ya hau saman tasa, suka ce to wacce za a fara miƙawa. A ƙarshe na aiko da faranti daga wurin mai waake, na kife shi a tsakiyar takardar, kowa ya sa hannu yana zagaye shi. Ba sama ba ƙasa. An sami ɗan maiƙo a tsakiya, na ce ya zama hatimi.

Mota biyu muka ɗauka, suka jera kafaɗa da kafaɗa har hedikwatar gunduma, mai tahowa daga gaba ya san inda zai sa kansa. A ƙofar ofis shugabannin suka shiga tare, suka maƙale. Tandoh ba ƙaramin mutum ba ne.

Jami'ar mace ce, Madam Agbenu, 'yar siririya, takalminta irin na sojoji. Na shirya jawabi mai shafi uku a kan al'ada da kakanni. Ta bar ni na kai ƙarshe, ta juya takardar kokenmu sau biyu tana neman inda aka fara, sannan ta ce ita ba ta da rigima da kakannin kowa. Za ta ɗaura kyamara shida a kurmi, irin masu ɗaukar hoto da kansu in abu ya gitta. Mako biyu da 'yan kwanaki. In ta ga barewa shida daban-daban, a yi kamu. In ba ta gani ba, a rufe.

Na tambaya, don ilimi kawai, yaya ake gane wannan daban da waccan, tunda duk barewa barewa ce. Ta ce ɗigon farin da ke jikinsu, kowace da irin nata, kamar zanen ɗan yatsa.

"Sakatare yana son ilimi," in ji Tandoh a mota. Ba motarmu ɗaya ba, ta taga ya faɗa.

Alhamis, 3 ga Afrilu, ƙarfe uku

An ɗaura. Uku gabas da rafi, uku yamma. Mun raka ta, ni da Tandoh, kowa ya tsaya a gefensa, don ɗan Kore ba ya taka gabas kafin ranar biki, ɗan Ja ba ya taka yamma. Wanda ya taka, rago da kwalba biyu, kuma a sa shi a waƙa.

A bakin kurmi, gindin babban rimi, muka tuɓe takalma muka gai da Mai Kurmi, iskan da ke tsaron wurin, kamar kullum. Madam ma ta kwance igiyar takalmin sojanta ba musu. Ta tambaya ko akwai mai shiga bai yi gaisuwar ba. Tandoh ya ce mutum ɗaya aka taɓa yi a zamanin kakansa, bakinsa ya koma wajen kunne. Ta ɗaga kai ta daɗe tana kallon rimin, ta ce kyakkyawan itace ne. Mace mai ladabi.

Na riƙe wuraren kyamarorin yamma a ka. Sakatare ya kamata ya san komai.

Asabar, 5 ga Afrilu, da rana

Na sayi farar ƙasa dunƙule huɗu, irin wadda muke shafawa ranar kamu. Mai sayarwa ta ce ai da saura wata guda. Na ce ina son in riga tsada.

Litinin, 7 ga Afrilu, hantsi

Na fita da tsohuwar raga shan iska da sassafe, ta bayan gonar rogo, kafin mata su fito ɗiban ruwa. Ba ta son igiya. Tana son bin duk inda aljihuna ya nufa, don na sato ɗan dokonon Araba na sa ciki.

A gindin rimi na tuɓe takalmi, na cire hula, na fuskanci itacen na ɗaga murya yadda ubana ya koya mini: "Mai Kurmi, ni ne Kobina ɗan Essilfie, na 'Yan Kore. Na shigo da ƙafa biyu, ban ɓoye komai ba." Ba a faɗinta a ciki-ciki. Mai Kurmi tsoho ne.

Sauran aikin ba wuya. A kwance igiya, a jefa dokono gaban itacen da ake so, a laɓe a bayan wani. Ta wuce a hankali kamar amarya. Yau da ɗigonta na haihuwa ta fita.

Ɗaya.

Laraba, 9 ga Afrilu, hantsi

Biyu. Na ƙara mata ɗigo tara a kowane gefe. Ta lashe huɗu kafin mu kai rimi, na mayar. Gwiwata ta hagu ta fara magana.

Araba ta ga farar ƙasa a jikinta, ta ɗebo ruwan ɗumi ta wanke ta. Da rana miyata ba kifi. Na tambaya, ta ce kifin ya ji kunya ya ɓuya, kamar barewar Obir.

Juma'a, 11 ga Afrilu, hantsi

Uku. Wannan karon na zauna na yi aikin da natsuwa, layi-layi, har ni kaina ya burge ni.

Yanzu ga inda lissafi ya tsaya. Kyamarorin yamma sun ƙare. Sauran ukun suna gabas da rafi, ni kuwa ɗan Kore ne. Na tsaya a bakin ruwan, faɗinsa bai fi taku huɗu ba, yaro ma zai tsallake. Na jefa dokono hayin, ta dube shi, ta dube ni, ta kwanta. Na yi tunanin rago da kwalba biyu, wannan da sauƙi. Waƙar ce ba zan iya ba. Wanda aka sa a waƙa a shekarar da aka haife ni ya mutu tuni, har yau ana rera shi a wajen suna.

A ɗakin baya babu komai sai tsohuwar raga. Lafiyata ƙalau.

Lahadi, 13 ga Afrilu, bayan coci

Na je gai da surukina Tandoh. Ba abin mamaki ba ne mutum ya gai da surukinsa, ko da rabonsa da gidan tun rasuwar uwarsu.

Tandoh ya sa aka kawo bammi. Muka yi maganar teku, muka yi maganar man fetur, muka zagi masu manyan jirage. Ina neman ta inda zan ɓullo, sai wani abu ya yi haushi a bayan kicin ɗinsa. Ba haushin kare ba. Ni na san wannan haushin, wata huɗu ina jin irinsa.

"Akonta, surukina, me ke tari a bayan gidanka?"

"Tsohon kwale-kwale ne."

"Yana cin ganyen rogo?"

Ya ajiye ƙoƙonsa. Ya dubi hannun rigata, inda Araba ta yi faci. Ya ce, "Kai kuma wa ya tauna maka riga?"

Muka kalli juna kamar kuraye biyu da suka haɗu a bakin garke ɗaya. Sannan ya tambaya ko mutumin yana da haƙorin azurfa. Na ce yana da shi. Ya ce ɗan banzan ya rantse masa cewa shi kaɗai ya sayar wa. Na ce ni har da littafi mai tsarki ya dafa.

Nasa namiji ne, mai ƙaho, ran Laraba ya zo, jikokinsa na kiransa Kweku. Na tambaye shi shekara shidan nan da suke cinye mu, nawa ne daga hayin tafki. Ya ce in sha bammina, yana hucewa.

Mun rabu a kan cewa Haɗaɗɗiyar Ƙungiya ta haɗu da gaske. Na ba shi sauran farar ƙasata. Ya ce shi fentin jirgi zai sa, ba ya son aikin da raɓa za ta wanke.

Alhamis, 17 ga Afrilu, da yamma

Tandoh ya wuce ta gaban shagona ya ɗaga yatsa uku bai tsaya ba. Shida.

Asabar, 19 ga Afrilu, da rana

Madam ta kwashe kayanta. Za ta nuna sakamako ran Talata a ɗakin taro, kowa ya zo. Na kai koren zanena wajen guga. Arhin ya ce in shirya jawabin godiya. Shafi huɗu.

Talata, 22 ga Afrilu, ƙarfe shida na yamma

An yi zafi yau. Filogin inji ya yi wuyar samu, sai na aika Akra. Rufin shago yana son gyara kafin ruwa ya sauka sosai.

An yi taron.

An toshe tagogi da zannuwa, aka rataya zanin gado, ta kunna majigi. Ɗakin ya cika har waje. Nana a gaba, Okomfo mai magana da yawun Mai Kurmi a gefensa, Araba can cikin mata. Hoto na farko ya fito, jama'a suka ɗauki guɗa. Na biyu, na uku. Arhin yana ta dukan ƙasa da sandarsa. Na taɓa jawabina a aljihu.

Madam ta jera ukun yamma gefe da gefe. Ta ce abin sha'awa, duka ukun kunnensu na hagu a tsage yake wuri ɗaya, ko gado ne a gidansu. Ta ce ta ukun kuma, a shekara goma sha ɗaya tana wannan aiki ba ta taɓa ganin barewa mai ɗigo biyar-biyar a jere kamar ɗan ludo ba. Ta jera ukun gabas. Duka ƙahonsu na dama ya gutsure, ɗaya kuma ɗigonsa yana ƙyalli, har ya ɗan zubo ƙasa.

Har nan da sauran hanya. Na miƙe na ce yanayin kurmi ne, dabbobin wuri ɗaya sukan yi kama, mu ma nan garin duk hancinmu ɗaya. Wasu suka ce haka ne.

Ta ce ta gode, Sakatare. Ta ce akwai kyamara ta bakwai, tata ce ta kanta, mai ɗaukar motsi da murya, ta koma ta ɗaura a babban rimi don tana son tsuntsaye.

Ba zan rubuta abin da kowa ya gani ba. Zan ce dai muryata tana fita sosai a majigi, ban taɓa sani ba. Sau uku, ba takalmi, hula a hannu ɗaya, igiya a ɗayan, abin da ke ƙarshen igiyar yana cusa baki a aljihuna, ni kuma ina sanar da sunana da na ubana da cewa ban ɓoye komai ba. A na ukun har da ƙwaryar farar ƙasa a hammata.

'Yan Ja suka kwanta da dariya, wani ya faɗo daga benci. Dariyar ba ta kai minti biyu ba, sai ga Safohen Tandoh ɗan Tandoh ya cika zanin gadon, da gwangwanin fenti, yana shaida wa Mai Kurmi cewa shi ma bai ɓoye komai ba. Daga nan aka rasa mai yi wa wani dariya, sai kowa ya yi wa kowa.

Nana bai yi dariya ba, amma ya daɗe da hankici a baki. Ya tambaye mu, tunda mun san abin da muka je yi, me ya sa muka yi gaisuwar. Tandoh ya ce, "Nana, a shiga Obir ba gaisuwa?" Duk ɗakin aka gyaɗa kai. Ko mutum ɗaya bai ga wata hanya ba.

Madam ta naɗe wayoyinta ta ce barewar Obir da ta ƙirga babu ko ɗaya, baƙi biyu ne. Za ta rubuta rahoto.

Laraba, 23 ga Afrilu

Ban buɗe shago ba. Gwiwa.

Alhamis, 24 ga Afrilu, da rana

Na buɗe. Mai kifi ta farko da ta shigo ta tuɓe silifa a ƙofa, ta ce ita ce Adwowa 'yar Mensa, ta shigo da ƙafa biyu, ba ta ɓoye komai ba, a ba ta ƙugiya goma. Haka aka wuni. Ciniki ya yi kyau, ban ce bai yi ba. Waƙar ma ta fito, baiti biyu nawa, uku na Tandoh, amshin kuwa gaisuwar ce.

Arhin ya aiko a tuna mini abin da na ce game da koren zane. Tsohon da ba ya tuna inda ya ajiye haƙoransa.

Asabar, 26 ga Afrilu, ƙarfe huɗu

Madam Agbenu ta zo gidana. Na ɗauka da 'yan sanda, sai na ga ita kaɗai da jaka. Ta ce tana son ganin ragar. Araba ce ta kai ta.

Ta duba haƙora, ta duba kofato, ta shafa ciki, ta ce ba ta taɓa ganin wadda aka kula da ita haka ba, sai dai a rage dokono. Araba ta ji daɗin rabin maganar. Sannan Madam ta zauna a kan turmi ta ce ajiye irin wannan a gida ba takarda laifi ne, kuma ta san lambar dokar. Na ce na san ta sani.

Ta ce shekara biyu tana rubuta wa manyanta a ba ta mace da namiji ta zuba a Obir, amsa ɗaya ake ba ta, ana dubawa. Yanzu ga ɓarayi biyu sun kawo mata har gida, da kuɗinsu, da motarsu. Ga abin da za ta sa a rahoto in Ƙungiya ta yarda: a saki biyun a kurmi, 'Yan Ja su tsare gabas, 'Yan Kore su tsare yamma, ba tarko ba wuta ba gawayi. Ranar biki a yi kamu kamar kullum, Nana ya taka sau uku, amma a mayar da dabbar da ranta. Ba yanka har sai ta ƙirga ashirin, da kyamararta, ba da farar ƙasata ba.

Na ce wannan ba maganar Ƙungiya ba ce, Mai Kurmi ne ke cin naman. Ta ce ta sani, daga nan gidan Okomfo za ta, kuma ta ji ba a zuwa hannu sake. Na ji ƙarar kwalba a jakar.

Da ta fita Araba ta ce mini, da ma ko an kawo Nana da kansa ba wanda zai yanka Efuwa tana numfashi. Na ce ai ba ta faɗa ba tun Disamba. Ta ce ban tambaya ba.

Talata, 29 ga Afrilu, ƙarfe biyar

Okomfo ta shiga ɗakin tsafi tun safe, ta fito da rana. Mai Kurmi ya ce ya gaji da zama shi kaɗai a kurmi ba motsin kofato. Zai karɓi rago a madadin barewa har garkensa ya cika, kuma ragon bana da na baɗi mutanen nan biyu da suka cika masa kunne da ƙarya su za su kawo. Ya ce amma sun yi gaisuwa, don haka bakinsu ya zauna inda yake. Ban san Mai Kurmi ya iya tsara magana kamar rahoton ofis ba, amma ba ni zan faɗa ba.

An sake kife faranti, an sa hannu. Za a yi kamu. Arhin ya ce tunda ba a hana ba, zanena ya tsira.

Da la'asar muka kai su. Kweku ya shige gabas bai waiwaya ba, kamar mai gidansa. Ita kuwa ta tsaya a gindin rimi tana kallon Araba, sai da Araba ta juya baya ta kama hanya tana share fuska da bakin zane, tana cewa hayaƙin gawayi ne. Ba wanda ke ƙona gawayi.

A ɗakin baya babu komai sai tsohuwar raga. Na shiga na duba. Tana nan a ƙugiya, ta yi ƙura.

Juma'a, 2 ga Mayu, da yamma

Gobe. Na kira manyan 'Yan Kore bayan shago na ce su kwantar da hankali. Kweku ya zama ɗan daji, Tandoh da kansa ya ce ko inuwarsa ba a gani. Efuwa kuwa tana yamma, gefenmu, kuma ni na san abin da take bi. Ba wata doka, ta kakanni ko ta ofis, da ta hana mafarauci sa abincinsa a aljihu.

Ban taɓa dokonon Araba ba, ta ƙirga su tun safe tana kallona. Na sayi dunƙule uku a tasha. Dokono dai dokono ne.

Arhin ya ce in muka ci, shi da bakinsa zai hana waƙar.

Asabar, 3 ga Mayu, ƙarfe biyu na rana

Mun same ta kafin rana ta yi zafi, kwance a ƙarƙashin wata ɗorawa. Na ce kowa ya tsaya, mutum ɗari biyu suka tsaya cak, ko ganga ba ta motsa ba. Na tako a hankali, na tsuguna duk da gwiwa, na ɓare ganye na miƙa. Ta taso. Ta zo har gabana. Na ji numfashin Arhin a ƙeyata.

Ta shinshina, ta yi atishawa, ta dube ni irin kallon da Araba ke yi mini in na ce na kusa dawowa. Sai ta bi ta tsakanin ƙafafun mutum ɗari biyu ta fice.

Mun bi ta. Ba kurmi ta nufa ba, gari ta nufa, ta bayan gonar rogo, hanyar da ni na koya mata. Muka ɓullo filin biki muna haki, farar ƙasa na zuba da gumi, muka tarar da ita a gaban rumfar Nana, kanta a cinyar wata mata mai jan zane da jan ɗankwali, ana gutsura mata abu ana hurawa.

Arhin ya ce mace ba ta kamu. Tandoh, wanda ya fito daga gabas hannu wofi da ƙaya a gemu, ya ce a faɗa masa ƙa'idar. Da rai, da hannu, ɗan runduna. Ya ce ga rai, ga hannu, ga 'yar Tandoh. Na ce matata ce, a gidana take kwana, da kuɗina aka sayi abin. Nana ya tambayi Araba ita ta wace runduna ce.

"Nana, ya sani. Kullum ina gaya masa."

Nana ya tuɓe takalmi ya taka sau uku, a hankali, don Araba ta ce kada ya danna. 'Yan Ja suka ɗauki matata a kafaɗa suka zaga gari da ita. Madam Agbenu ta ɗauki hoto. Ta ce mini wannan karon kowa ya ga kyamarar.

Shekara bakwai ke nan.

Lahadi, 4 ga Mayu, bayan coci

An mayar da Efuwa kurmi. An ƙara wa waƙar baiti.

Araba ta ce na tasha ba sa barin ƙullu ya kwana uku, shi ya sa. Na tambaye ta, don ilimi kawai, gishirin kafin a naɗe ake sawa ko bayan an naɗe. Ta dube ni ta ce in tambayi 'Yan Kore.

Saura shekara guda. Na jiƙa masara a bokiti, na kai ɗakin baya na rufe da raga. In an tambaya, babu komai a ciki.